Tsohuwar Kazar Keji a Tsakar Gida: Wata Ƙofar Shiga Kiwon Kaji a Ƙasar Funtuwa da Malumfashi

Kudancin Jihar Katsina, wato yankin da ya haɗa Funtuwa da Malumfashi da Bakori da Ɗanja da Ƙafur da Ɗandume, ƙasar masara ce da waken suya da auduga, kuma noman masara ya ƙara kankama a cikinta tun bayan da aka kafa shirin bunƙasa aikin gona na Funtuwa a shekarar 1975 da tallafin Bankin Duniya, lokacin da yankin yake ƙarƙashin tsohuwar Jihar Arewa ta Tsakiya. Masara da waken suya su ne ginshiƙin abincin kajin gidan gona, saboda haka manyan motocin da ke lodi a kasuwannin hatsi na yankin sukan kai wani kaso na kayansu masana'antun abincin kaji da ke Kaduna da Jos da Ibadan, daga baya kayan su dawo cikin buhu mai tambari da farashin da ya ɗara na farko nesa ba kusa ba. Wannan ya sa magidanci ko matar aure da ke zaune a wannan yanki suke da wata dama da mazaunin babban birni ba shi da ita, domin abin da ya fi cin kuɗi a kiwon kaji yana fitowa ne daga gonar gidansu. Duk da haka, yawancin masu sha'awar farawa sukan shiga ta ƙofar da ta fi wuya, wato sayen 'yan tsaki 'yan kwana ɗaya, alhali akwai wata ƙofar da ba a cika kula da ita ba, ita ce sayen tsofaffin kajin ƙwai da manyan gonaki suka gama da su, a ci gaba da kiwonsu a gida maimakon a yanka su nan take.

Kajin gidan gona iri biyu ne. Akwai na nama, waɗanda ake kira burola, da ake kiwata na mako 6 zuwa 8 a sayar, akwai kuma na ƙwai, waɗanda masu sana'ar ke kira leyas, kuma su ne abin magana a nan. Kazar ƙwai irin su ISA Brown da Lohmann Brown, jajayen nan da aka fi gani a gonaki, an samar da ita ne ta hanyar zaɓe da haɗa iri na tsawon shekaru masu yawa da manufa guda, wato ta mayar da abinci ƙwai. Takan fara saka ƙwai tana da mako 18 zuwa 20, ta kai ƙololuwa kafin mako na 30, lokacin da kaji 100 za su iya ba da ƙwai sama da 90 a rana, kuma a shekararta ta farko takan saka ƙwai kusan 300, adadin da kazar gida mai yawon tono ba ta ko kusantarsa, tunda ita takan yi 'yan ƙwai goma sha wani abu ta kwanta a kansu, ta ƙyanƙyashe, ta yi renon 'ya'ya kafin ta sake komawa.

Wasu gonakin suna ajiye waɗannan kaji a ƙasa, a kan ɓuntun shinkafa ko dusar katako, wasu kuma a cikin keji, wato jerin akwatunan waya da ake ɗora wani bisa wani, kowane akwati da kaji uku ko huɗu ko fiye. Ƙasan kejin waya ce mai gangara, domin ƙwai ya mirgino waje da kansa, kashi kuma ya zube ƙasa, abinci yana cikin kwararon da ke gabansu, ruwa kuma yana fitowa daga wani ɗan kan bututu da kazar ke taɓawa da baki ya ɗigo. Tsarin yana sauƙaƙa aiki, yana tsare ƙwai daga ƙazanta, yana kuma rage tsutsar ciki, amma kazar da ta shekara a ciki ba ta taɓa taka ƙasa ba, ba ta taɓa tono ko birgima cikin ƙura ba, ba ta kuma sami sararin miƙe fukafukanta yadda ya kamata ba. A Turai, kafin a hana irin wannan keji, filin da doka ta ware wa kowace kaza murabba'in santimita 550 ne, wanda bai kai faɗin farar takardar da ake buga wasiƙa a ofis ba.

Idan kajin suka kai mako 72 zuwa 80, wani lokaci fiye da haka, mai gona yakan fitar da su gaba ɗaya ya sayar. Ba wai sun daina ƙwai ba ne, a'a, lissafi ne ya daina fita, domin adadin ƙwan ya sauka, ɓawonsa ya yi laushi har ana samun fashewa da yawa, ga albashin ma'aikata da kuɗin magani da na mai, ga kuma sababbin sagaru da ke jiran wurin. Kazar da ta zama nauyi ga mai kaji 5,000 tana iya zama abin amfani ga mai kaji 10 wanda ba ya biyan ma'aikaci, kuma a kan wannan bambanci ne dukan al'amarin ya ginu.

A ƙasashen Turai an mayar da karɓar irin waɗannan kaji aikin jinƙai. Suwizalan ta riga kowa daina amfani da kejin tun 1992, Tarayyar Turai kuma ta zartar da doka a 1999 wadda ta haramta tsohon samfurin kejin daga ranar 1 ga Janairun 2012, ko da yake ta bar wani samfurin mai ɗan faɗi da ke da gurbin saka ƙwai da sandar hawa. A Ingila wata mata mai suna Jane Howorth ta kafa ƙungiyar British Hen Welfare Trust a 2005, wadda ke karɓar kaji daga gonaki kafin a kai su mayanka ta raba wa masu son riƙe su a bayan gida, kuma a 2024 adadin kajin da ta raba ya kai miliyan guda. Abin da ya sa hakan ya yiwu shi ne a can tsohuwar kazar ƙwai ba ta da wata daraja a kasuwa. A Nijeriya kuwa lamarin akasin haka ne, domin mutane da yawa sun fi son namanta a kan na burola saboda taurinsa da yadda yake jure dahuwa a miya, shi ya sa masu gonaki suke daidaita lokacin fitar da ita da Sallah ko Kirsimeti, dillalai kuma su kwashe zuwa Kano da Kaduna da Abuja. Saboda haka wanda ya ce zai kwaikwayi tsarin Ingila a Malumfashi, ya je gona neman kyauta, zai dawo hannu rabbana. A nan saye ake yi, amma darajar naman ita ce kuma ke tsare jarin mai saye, tunda duk ranar da kazar ta daina ƙwai akwai mai sayenta. Batun tausayi ma ba baƙo ba ne a wurin Musulmin da ya san gargaɗin da ya zo a hadisi game da matar da ta tsare kyanwa ba ci ba sha, kuma abin lura shi ne kulawar da mai tausayi zai yi wa wannan kaza ita ce dai wadda mai neman riba zai yi mata, in har yana son ganin ƙwai.

Amfanin wannan hanya ga sabon shiga a fili yake idan aka kwatanta ta da renon 'yan tsaki, waɗanda ke buƙatar ɗumi dare da rana a makonnin farko, da jerin riga-kafi na cutar Niyukasil da Gumboro da ƙurajen kaji, da ciyarwa ta sama da wata 4 ba tare da ƙwai ko ɗaya ba, kuma a wannan tsakanin ne mafi yawan masu farawa suke tafka asara. Tsohuwar kaza ta wuce duk waɗannan matakai. Sai dai tana da iyakarta, wadda ya kamata a sani tun kafin a biya kuɗi: an cire mata halin kwanci kusan gaba ɗaya, saboda haka ba za ta ƙyanƙyashe ba, kuma ko an haɗa ta da zakara an sa wa kazar gida ƙwan, 'ya'yan ba za su kai uwar yawan ƙwai ba. Mai son garken da zai riƙa haihuwar kansa gara ya riƙe kajin gida.

Wajen zaɓe, ido kaɗai yakan yaudari mai saye, domin kazar da ta fi kyan gani, mai cikakken gashi da ƙafafu rawaya shar, sau da yawa ita ce wadda ta daɗe da daina aiki ta koma tara kitse, ita kuwa mai ƙwazon takan fito a tsige, wuya da ƙirji babu gashi, ƙafa da baki sun koɗe, saboda launin rawayan jikinta ya tafi cikin gwaiduwa. Gwajin da ya fi inganci na hannu ne. A gefen duburar kaza akwai ƙasusuwa biyu masu tsini, idan yatsu biyu ko uku suka shiga tsakaninsu, duburar kuma tana da faɗi da danshi, cikin yana da laushi, to kazar tana kan saka ƙwai, idan kuwa yatsa ɗaya ne ke shiga da ƙyar, ta tsaya. Zankon kazar keji yakan zama babba, fari-fari, a langaɓe, wannan ba ciwo ba ne, yakan ja ya yi ja bayan ta sha rana. Abin gudu shi ne kaza mai kumburin fuska, ko majina, ko gurnani a numfashi, ko koren zawo, ko cikin da ya kumbura ya yi tauri ko ya cika da ruwa har tana tafiya a buɗe. Ya fi kyau a saya kai tsaye daga gona guda a tambayi shekarun kajin da ranar riga-kafinsu na ƙarshe, maimakon a tsinto daga kasuwa inda kajin gonaki daban-daban suka kwana cikin kwando ɗaya suna shaƙar numfashin juna. Lokacin saye ma yana da tasiri, domin gab da Sallah farashin na nama ne mai tsada, mai wayo kuwa yakan saya bayan hidima ta wuce, ya ci ƙwan watanni, ya sayar a hidima ta gaba.

Ɗauko su daga gona wuri ne da ake yawan yin ɓarna ba a sani ba. Ɓawon kowane ƙwai yana ɗauke da kimanin giram 2 na kalsiyam, wato sinadarin da ke gina ƙashi, kuma idan abinci bai wadatar ba jikin kazar yakan ciro shi daga ƙashinta, ga shi kuma rashin motsi ya raunana ƙashin tun da farko. Saboda haka ɗaure ƙafafu a rataye kaji kai ƙasa a bayan babur, kamar yadda aka saba yi wa kajin gida, yana iya karya mata ƙafa ko fiffike ko ƙashin ƙirji. Kamata ya yi a riƙe ta da hannu biyu a haɗe fukafukan da jiki, a sa ta cikin kwando ko kwali mai huji, a yi tafiyar da sanyin safiya, musamman a watannin Maris zuwa Mayu da zafi ke kashe kaji cikin ɗan lokaci.

Makonni biyu ko uku na farko su ne masu wuya. Kazar da ba ta san komai ba sai waya takan tsaya cak a wuri ɗaya idan aka sauke ta, ba ta san ta shiga inuwa ba, ba ta san ta koma akurki da magariba ba, ba ta kuma san shirwa ko muzuru ba, saboda haka sakinta a tsakar gida ranar farko ganganci ne. Ana fara ajiye ta ne a ɗaki ko rumfa mai iska, wadda aka kewaye da waya, aka shimfiɗa wa ɓuntu busasshe, kaji 3 ko 4 a kowace murabba'in mita, tsawon ginin kuma ya bi gabas da yamma domin kada rana ta riƙa shiga ta gefe. Ruwan da ke cikin kasko baƙo ne a wurinta, don haka akan tsoma bakin kowace a ciki sau ɗaya ko biyu har ta gane. Sandar hawa a fara da ita ƙasa-ƙasa, kada ta wuce tsawon kamu ɗaya, tunda tsalle daga sama yana iya karya ta, faratan da suka yi zaƙo-zaƙo kuma sukan lalace da kansu idan ta fara tono. Gurbin ƙwai ɗaya ya ishi kaji 4 ko 5, tsohon kwando ko fasasshiyar tukunya da aka zuba wa ciyawa ta wadatar, ko da yake da farko za ta riƙa yar da ƙwan duk inda ya kama ta. Faɗa kuma ba makawa, domin sai sun tantance babba da ƙarama a tsakaninsu, amma da zarar an ga jini sai a ware wadda aka ji wa rauni, saboda kaji sukan taru a kan ja su yi ta sara. Idan lokacin hunturu ne, tsigaggun suna buƙatar a rufe ɓangaren da iska ke kaɗowa da buhu ko zana da dare. Yawanci kafin wata ya cika za a ga ta fara birgima cikin toka da ƙura ba tare da kowa ya koya mata ba, kuma wannan wanka shi ne ke rage mata ƙuma da ƙwarƙwata.

Abinci shi ne wurin da mafi yawan masu gwada wannan kiwo suke faɗuwa, saboda suna ɗaukar kazar gidan gona tamkar ta gida, su watsa mata tsabar dawa da dusa su jira ƙwai. Kazar ƙwai tana cin giram 110 zuwa 120 a rana, kuma abincin yana buƙatar furotin, wato sinadarin gina jiki, kashi 16 zuwa 17 cikin 100, da kalsiyam kimanin giram 4 a rana, alhali masara zalla furotin ɗinta bai wuce kashi 8 ko 9 ba, kalsiyam kuwa kusan babu. A makonnin farko ya fi dacewa a ci gaba da ba ta irin garin da ta saba da shi, domin an datse mata baki tun tana ƙarama kuma ba ta san tsaba ba. Daga baya mai masara a rumbu yana iya rage kuɗi ta hanyar sayen haɗin da ake kira kwansantiret, wato cakuɗen furotin da bitamin da gishirin ma'adinai da ake sayarwa a shagunan kayan kaji, ya gauraya da ɓarzajjiyar masararsa da dusa bisa ma'aunin da ke jikin buhun, ya kuma ajiye garin ƙashi ko dakakken ɓawon ƙwai da aka gasa a wani kasko dabam. Ganyen zogale da na alayyafo da gara da ƙwari ƙari ne mai kyau wanda ke sa gwaiduwa ta yi ja, amma ba sa maye gurbin abincin.

Akwai tarko biyu da suka shafi wannan yanki musamman, saboda kayan suna da araha a hannu. Ɗanyen waken suya yana ɗauke da wani sinadari da ke hana hanjin kaza narkar da furotin, sai an soya shi ko an dafa an shanya kafin ya zama abinci. Tunkuzar angurya kuwa, wadda ake samu daga masana'antun gurzar auduga da matsar mai, tana da kyau ga shanu da tumaki, amma tana ɗauke da gosifol, wani guba da ke cikin ƙwayar auduga, wanda ke ɓata launin gwaiduwa ya mayar da ita kore-kore idan ƙwan ya kwana biyu, saboda haka barinta ya fi. Haka nan masarar da ta yi fumfuna a rumbu, wadda wasu ke ware wa kaji don kada ta tafi a banza, tana lalata hanta ta rage ƙwai.

Ruwa kuwa kaza takan sha kusan ninki biyu na nauyin abincinta, fiye da haka a bazara, kuma yini ɗaya babu ruwa yana iya tsayar da ƙwai na kwanaki. Haske ma yana da nasa aikin, domin gonaki sukan ba kaji awa 16 na haske a rana, alhali yinin Funtuwa ba ya kai awa 13, shi ya sa ƙaramar fitilar sola da za ta ci awa 2 ko 3 bayan magariba takan taimaka.

Game da cuta, keɓe sababbin kajin daga na gida na mako 2 zuwa 3 kariya ce ga ɓangarorin biyu. Niyukasil, wadda ake ganewa da koren zawo da murɗewar wuya da mutuwar kaji rututu, ta fi ƙamari a hunturu, ba ta da magani, kuma ƙarfin riga-kafin da aka yi a gona yakan ragu, don haka ana sabunta shi duk bayan kimanin wata 3 da nau'in Lasota da ake sawa a ruwan sha, ko nau'in I-2 mai jure zafi wanda Cibiyar Binciken Lafiyar Dabbobi ta Ƙasa da ke Vom a Jihar Filato take samarwa. Kazar da ta sauko ƙasa za ta haɗu da tsutsar ciki da kashin jini waɗanda keji ya tsare ta daga gare su, busasshiyar shimfiɗa da shawarar likitan dabbobi su ne maganin wannan. Murar tsuntsaye, wadda aka fara tabbatar da ita a Nijeriya a wata gona da ke Jaji a Jihar Kaduna a watan Fabrairun 2006, ta kuma sake ɓulla a 2015, ita ce dalilin da ya sa bai kamata a sayi kaji masu arahar da ta wuce hankali ba, domin wasu masu gonaki sukan yi gaggawar fitar da garke idan mutuwa ta fara. Mutuwar kaji da yawa a dare ɗaya abin kai rahoto ne ga ofishin dabbobi na ƙaramar hukuma, ba abin yankawa a raba wa maƙwabta ba. Idan kuma aka ba kaza maganin kashe ƙwayoyin cuta, akwai adadin kwanakin da aka rubuta a jikin maganin da ba a cin ƙwanta.

Bayan 'yan kwanaki da zuwan kajin gida, ƙwai yakan ragu ko ya tsaya, gashi ya fara zuba, mai kajin ya ɗauka an cuce shi. Sauya gashi ne, hutun da jikin tsuntsu ke yi domin ya sabunta gashinsa da mahaifar ƙwai, yakan ɗauki wata 2 zuwa 3, bayansa kuma ƙwan yakan dawo da girma da ɓawo mai ƙwari fiye da na da, ko da yake adadin ba ya komawa na ƙuruciya. Wasu gonaki sukan tilasta wannan hutu ta hanyar hana kaji abinci na kwanaki, dabarar da aka haramta a Turai, kuma mai kaji 10 ba shi da wata hujjar yin ta.

Lissafin da zai nuna ko kiwon yana biyan kansa mai sauƙi ne, kuma ba ya buƙatar sanin farashin yau, wanda ke sauyawa kowane wata. Kaji 10 suna cin kilo 1 da ɗan ɗori a rana, wato buhu mai kilo 25 zai kai su kimanin kwana 22. Idan suna ba da ƙwai 6 a rana, za a tara kusan 130 a wannan tsakanin, kiret 4 ke nan da 'yan kai, tunda kiret ƙwai 30 ne, idan kuwa suka sauka zuwa 4 a rana, abin bai kai kiret 3 ba. Mai kiwo sai ya dubi kuɗin buhu ɗaya ya dubi na kiret ɗin da ya tara, ya ƙara da darajar kashin kajin, wanda manoman masara da masu lambun tumatir na Ɗanja da Ƙafur suke saye buhu-buhu, musamman tun da takin zamani ya yi tsada. Waɗannan kaji ba su cika yin tsawon rai ba, saboda yawan ƙwai yana jawo musu ciwon mahaifa da fitar dubura da ƙari a ciki, yawancinsu shekara ɗaya ko biyu suke ƙarawa. Baturen da ya karɓi kaza domin jinƙai yakan riƙe ta har ta mutu da kanta, Bahaushe kuwa ya riga ya ce sabo da kaza ba ya hana yanka, saboda haka a nan abin da ake yi shi ne a riƙa maimaita gwajin yatsu duk wata, wadda aka samu ta tsaya ba don sauya gashi ba a ware ta domin tukunya ko kasuwa tun tana da ƙiba da lafiya, a bar masu aiki su ci abincin.